Filastar da Na Sauya wa Ido

Ko zan manta komai na rayuwata, ba zan manta wayon da na yi wa idon ɗiyata ba.

Tana 'yar shekara biyar muka lura idonta na hagu yana karkacewa. Na bar rumfar shinkafata a Gummi, na kai ta asibitin ido a Sakkwato. Likitar ta ce ragwanci idon ya koya: ƙwaƙwalwa ta jingina da na dama, ta yi watsi da shi. Ta rubuta tabarau, ta manna mata filasta, ta ce a riƙa rufewa na 'yan awoyi kullum. In ta ƙi, akwai maganin ɗigawa. Ta kuma ja mini kunne cewa in yarinya ta girma a haka, gyara zai yi wuya.

Sai da muka iso gida Inna, mahaifiyata, ta lura na dama aka rufe.

"Wanga wane irin aiki na? Ƙafar da ta karye aka ɗorewa, ba mai lahiya ba!"

Ni da nake taƙamar ba a rufe ni a ciniki, na yanke cewa yawan jama'a ne ya ruɗa likita. Na mayar da filasta hagu. Yarinya ko kuka babu. Wata biyu muna yaba wa kanmu.

Ranar komawa aka gwada, ido bai ci gaba ba.

Likita ta dube ni. "Alhaji, wane ido kuke rufewa?"

Ɗiyata ta riga ni baki. "Na hagu. Baba ya ce ke kika yi kuskure."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Likita ta yi dariya har da hawaye. "Alhaji, in ɗaya daga cikin shanun huɗarka ya yi ragwanci, shi kake kwancewa ya huta?"

Muka koma rufe na dama. An sha kuka da tuntuɓe. Inna, don wanke laifinta, ta riƙa zaunar da ita gaban faifai suna tsince tsakuwa a shinkafa. Bayan watanni, wata safiya, filasta na manne, na ji yarinya ta ce, "Tsohuwa, kin bar tsakuwa ukku!" Inna ta duba, ta same su, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Yau tana sakandare. Tabarau bai bar ta ba, amma ido biyu take karatu da su. Allah ya sa ƙuruciyarta ta ba mu damar gyarawa.

Tun daga nan, abin da ban gane ba a gaban mai shi nake tambaya, ba na gyara masa aiki a bayan idonsa.