Assabar ɗin da Nig Goyi Duba-gari

Shekara ishirin da wani abu ina kabu-kabu tsakanin Wurno da Goronyo, ba wanda yat taɓa tahwa mani hannu. Na ɗauki buhun albasa uku bisa mashin guda, na ɗauki mai naƙuda, na ɗauki rago da mai ragon. Sai ga wasu tsohhi sun aje aikin gwamnati, sun sayi mashina, cikin wata shida gari duk maganassu aka yi.

Ɗan wan babana shi yaf fara abin. Hedimasta ne shekara da shekaru. Da yay yi ritaya sai ya zan awa kaza cikin ruwa, kullum zaune ƙohwar gida yana gyara wa masu wucewa magana. Shi yat tara su: wani tsohon kofur na 'yan sanda daga Rabah, mutum biyu da sunka yi aiki madatsar ruwan Goronyo, malamin gona, da wasu. Duk Assabar da hantsi, in an kwashe albasa hwadama ta bushe, sai su yi tsere daga bakin gada zuwa wata giginya su dawo.

Tseren bai dame ni ba, don ko jaki na iya cim ma kofur. Abin da ka ci mani rai shi ne bayan tseren. Su shimhiɗa tabarmi, a kawo hura, a yi ta ba'a. In ɗayansu ya kwanta ciwo, mashin goma za ka gani ƙohwar gidanai. Mu tasha, in ka hwaɗi, na bayanka murna shi kai layi ya ragu.

Sau uku ina ce ma hedimasta su sa ni.

"Kai da ba ka yi ritaya ba?"

"Yaya, wa ka yi ma ɗan kabu-kabu ritaya? Sai dai kabari."

Ya yi dariya ya bar ni tsaye. Ranar da yac ce in zo, don malamin gona ya tai Sakkwato aikin ido ne, ana biɗan wanda zai cika gurbi. Yac ce in sun ga hankalina, sai a duba.

Tseren nasu da ƙa'ida guda. Ba a hawa mutum ɗaya. Kowa sai ya goyi wani daga cikin waɗanda ƙarhinsu yaƙ ƙare, masu hawan jini da masu ciwon ido, don kar a bar su gida. Ni anka ba ni wani tsohon duba-gari wanda ɓarin jikinai na dama yas shanye. Mutum ne mai baki. Ana ɗora shi yac ce, "Yaro, ni ba albasa ba ne, ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

Kofur yam miƙo mani wata robar taya doguwa, yac ce in ɗaure ƙahwar Baba ga mataki, haka malamin gona ka yi kullum. Nid dubi robar, nid dubi kofur. Ni za a koya ma ɗaukar mutum? Nic ce, "Kofur, lokacin da kake tsaron ƙohwar ofis ni ina bisa hanya." Nis saka robar aljihu. Kowa na ta kanai, ba wanda yal lura.

Anka busa usur. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi nij ji. Kahin mu kai rabin hanya na bar su duka baya. Akwai wani wuri da shanu sunka tattake da damina, ƙasa ta bushe da ramukka, kowa rage wuta shi kai nan. Ni nik ƙara. Baba ya buga mani kahwaɗa da hannun hagu, yana cewa in yi sannu hulatai za ta tahi. Nic ce hula a sayi wata. Munka kewaye giginya munka dawo bakin gada, na biyu ko ƙaratai ba a ji.

Nis sa ƙahwa ƙasa ina jiran a tahwa. Sai ƙauri yad daki hancina, irin na babbakar kai. Nij juya. Ƙahwar Baba ta zame tun wurin ramukkan nan, ta kwanta bisa salansa. Wando ya ci, hwata ta ci. Shi kau bai sani ba, ƙahwar ba ta jin komi. Dariya ma shi kai, yana cewa, "Mun ci su, ɗan banza! Ina hedimasta?"

Ba wanda yaz zage ni, kuma da sun zage ni ya hi mani sauƙi. Kofur ya zo ya dubi mataki ba roba, ya sa hannu aljihuna, ya hitar da ita, ya naɗe ta. Nan take sunka raba aiki bakin gadar: wane zai kai shi asibiti yau, wane gobe wankin ciwo, wane jibi. Ina tsaye ana rabon kwanakki har sati biyu sunka cika, ban samu ko rana guda ba. Nic ce, "Yaya, ni hwa?" Yac ce in tai gida.

Na je gaishe shi sau biyu. Zaure cike, takalma har waje, wannan ya kawo lemu, wancan ya kawo kihi daga Goronyo. Kunya nika ji, amma wani abu na cina ƙasan kunyar. Shekarar da nik karye ga cinya, wata uku ina kwance, matata kaɗai nika gani da mai ɗori. Ga mutum ya ƙone ƙahwar da ko amhwani ba ta yi mai, an mai da shi ango. Allah shi yahe mani, haka niy yi tunani.

Da ciwon yaw warke, hedimasta ya aiko kirana. Duba-gari na zaune gehenai, shi yay yi magana.

"Mun yi shawara. Ka riƙa zuwa Assabar. Amma ba ka tuƙi, goyo za a yi ka har shekara ta kewayo."

"Wa zai goye ni, Baba?"

"Kofur."

Nic ce ina tunani. Matata tac ce mi zan yi tunani, mutumin da ba a gayyatatai ko suna. Na tahi.

Assabar bakwai ke nan ina bayan kofur. Mutumin ga ko rami bai gani ba sai ya taka burki, kuma warin man zafi shi kai. Mu ka zuwa na ƙarshe kullum. Malamin gona ya dawo da sabon ido, shi ka ci yanzu da Baba bayanai, a yi ta tahwa musu, alhali tuƙin nai ko ɗan koyo bai yi. Ina zaune gehen tabarma da ludayina ina kallo, saura wata goma.