Hannu Biyar na Yaya Lawal

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana Lawal, malamin wasanni a wata sakandare a nan Kankia, kuma har yau ban san ko ya zalunce ni ba. Allah ya jiƙansa. Mutum ne da ya ɗauki ƙwallon kwando kamar aikin gayya. Dokarsa guda ce: ba a jefa ƙwallo a kwando sai ta taɓa hannun mutum biyar. Yakan tsaya a gefen fili yana ƙirgawa da ƙarfi. Idan aka tambaye shi dalili sai ya ce a Sukuntuni, garin kakanninmu, wanda ya fara kai ƙarshen kunyarsa a gona ba ya zama, juyowa yake ya tari na baya.

Ni kuwa, Haruna, a lokacin ni ne dogon ƙungiyar, kuma na san haka fiye da yadda ya kamata. Ranar wasan ƙarshe da 'yan Kusada na ga hanya a buɗe, na jefa a hannu na biyu, ta shiga. Na sake, ta shiga. A karo na uku Yaya ya sa aka tsayar da wasa, ya nuna mini benci. Ina zaune ina kallo aka cinye mu da maki biyu. Shekara biyu ban ci abinci a gidansa ba, gaisuwa ma sai in Inna tana wurin.

Yau ga ni riƙe da usur ɗinsa, ni ke horar da samarin garin. Allah da ikonsa, sai ya ba ni nawa dogon: Buba, ɗan makiyaya daga Bauranya, wanda ke hawo acaɓa sau uku a mako don atisaye. Idan ƙwallo ta shiga hannunsa ta shiga ke nan, abokan wasansa sai dai su yi ta gudu banza. Amma shi ya kawo mu wasan ƙarshe, ranar Asabar, kuma da Kusada. Sauran huɗun sun same ni, sun ce su fa sun gaji da zama 'yan rakiya. In na ajiye Buba, da wuya mu ga kofin. In na bar shi, ban san ko zan ga huɗun nan a atisayen Litinin ba.

Na je neman amsa wurin waɗanda suka fi ni sanin marigayi. Matarsa Binta ta ce ranar da aka cinye mu ya dawo gida ya ƙi cin tuwo, ya ce mata, “Na cuci Haruna, na cuci yaran nan.” Na fito da sanyin zuciya. Washegari na haɗu da amininsa Malam Isuhu a kasuwar Kusada, shi kuma ya rantse cewa a ranar Yaya ya ce masa, “Ko gobe aka maimaita, benci za shi.” Duk su biyun ban taɓa kama su da ƙarya ba. To wanne ne yayana? Ko kuwa shi ma ruɗewar ya yi ta ɗauka har kabari, yana ɓoye mana?

Ina kallon manyan gasa na ƙasashen waje a waya, a can ma babu sauƙi. Bana ƙungiyar mai tauraro ɗaya ta ɗauki kofi, baɗi wadda ba ka san sunan kowa a cikinta ba ta ƙwace. Da yana raye da na miƙa masa wayar, na ji ta bakinsa. Ina jin haushinsa da ya tafi bai faɗa mini ba, ina kuma kewarsa ƙwarai.

Yaya bai bar mana kofi ko ɗaya ba. Abin da ya bari kuwa, jiya na gan shi a atisaye. Na tsinci kaina ina ƙirga hannu da ƙarfi, da irin muryarsa. A na uku Buba ya daka tsalle ya jefa, ta shiga ko ƙarfe ba ta taɓa ba. Ya juyo yana jiran yabo, sauran huɗun suna jiran in yi magana. Ni kuwa bakina bai tsaya ba, sai na ji ina cewa, “Huɗu. Biyar.”