Mai Riƙe Igiyar Chundung

Chundung ta girma a Bukuru, can kan tsaunin Filato, inda teku labari ne kawai. Ruwan da suka sani shi ne na ramukan da masu haƙar kuza suka bari, kore shar, shiru, babu wanda ya san iyakar zurfinsu. Ɗaya daga cikinsu ne ya cinye wanta Jang tana 'yar firamare. Tun daga ranar mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Ngo kamar yadda ake kiran dattijuwar Birom, ta kafa doka: ruwan da ya wuce idon sawu ba na 'ya'yanta ba ne.

Karatun halittu ne ya kawo Chundung Maryland ta ƙasar Amurka. A wani wurin iyo da ke Greenbelt ta koyi ninƙaya, babbar mace cikin yaran da ba su gama famfara ba. Daga iyo ta koyi nutso da tulun iska a baya. Ta bi jiragen bincike har ruwan ƙanƙara na Alaska, amma aikin da ta zauna a kai na kusa da gida ne, dasa kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo kamar katantanwa, a mashigin tekun Chesapeake. Kawa tace ruwa take yi, kuma an kwashe ta har ruwan ya dagule. Wata tashar talabijin ta lura cewa Chundung tana magana a ƙarƙashin ruwa kamar mai hira a tsakar gida, aka ba ta shiri.

Da mijin Ngo ya rasu, Chundung ta ɗauko ta suka zauna a Springfield. Abin da tsohuwar ta sani, 'yarta tana aikin kifi, kuma ta ɗauka a ofis ne mai firji. Babu wanda ya gyara mata.

Wata Lahadi bayan sujada, Loveth, wata nas 'yar cocinsu, ta zo da waya tana murna.

"Ngo, ashe uwar tauraruwa ce ke, kina ɓoye mana? Ga 'yarki cikin ruwa kamar tarwaɗa!"

Ngo ta kalli shirin har ƙarshe, ta mayar da wayar, ta ce an gode. Da suka isa gida ta sauko da akwatinta ta fara ninke zannuwa.

"Ki nema mini jirgi. Na taɓa zama a gida aka zo aka faɗa mini labarin Jang. Ba zan zauna a na biyu in jira ba."

"Mama, ba irin wancan ruwan ba ne."

"Ruwa yana da dangi ne da zai ƙyale ki? Ko ki bari, ko in tafi."

Chundung ba ta iya barin aikin, ba ta kuma son tsohuwar ta koma gidan da babu kowa. Ta roƙi abu guda: Ngo ta zo ta gani da idonta sau ɗaya, sannan a sayi tikiti.

Suka fita da hantsi a ƙaramin jirgin ruwa na aiki, Ngo da rigar ceto a kan atamfa, ta ƙanƙame benci. Ruwan Chesapeake kamar kunu yake, mai nutso ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa. Shi ya sa ake ɗaura masa igiya, wani ya riƙe a sama, su riƙa magana da ja. Mai riƙe igiyar Chundung shi ne Raymond, tsohon masunci mai kaurin hannu da ƙarancin magana.

Chundung ta faɗa ruwan, ya rufe a kanta, sai kumfa. Ngo ta miƙe tsaye. Raymond bai dube ta ba, ya dai matsa gefe, ya nuna mata igiyar a bayan hannunsa. Ta kama. Ya ja sau ɗaya. Can ƙasa aka ja sau ɗaya, amsar ta bi jiƙaƙƙiyar igiyar ta shigo tafin Ngo kamar motsin ɗa a ciki.

Ba ta saki ba har Chundung ta fito da dunƙulen kawa a hannu tana yi wa kyamara bayani. Igiyar ta bar wa Ngo jan layi a tafi.

"Kin daɗe," in ji ta. Sannan ta nuna Raymond da haɓa. "Wannan mutumin yana cin abinci kuwa? Dubi wuyansa."

Ba ta sa wa aikin albarka ba, kuma har yau ba ta kallon shirin. Akwatin dai ya koma saman kabad. Idan tafiya ta kai Chundung wani teku mai nisa, Ngo ba ta tambayar sunan ƙasar, sai sunan wanda zai riƙe igiya, da ko yana shan giya. Idan kuwa a Chesapeake ne, takan tashi ta dafa gwaten acca da yakuwa, ta zuba a kula, ta miƙa wa 'yarta a bakin ƙofa.

"Ba naki ba ne. Ki ba Raymond, ki tsaya ki ga ya ci kafin ki shiga."