Wutar da Yaya Mikaila Ya Kashe

A Yendi, idan ka tambayi direbobin tasha wa ya fi kowa taurin kai cikin masu gyaran wayar mota, ba sai sun yi shawara ba, za su nuna maka rumfar Yaya Mikaila da ke bayan masu facin taya. Wai shi mutum ne mai ɓata wa jama'a lokaci. Aikin da wani zai yi maka kafin ka shanye ruwan leda, shi sai ya zaunar da kai kan benci ya yi ta maka karatu. Ni ce ƙanwarsa Na'imatu, ina sayar da wake da shinkafa a bakin rumfar tasa, kuma duk wanda ya zage shi a gabana, ranar sai dai ya nemi abinci a wani wuri. Ni kaɗai ke da ikon jin haushinsa, kuma na ji iya ji.

A Salaga aka haife mu. Babanmu fataucin goro yake yi, ya so ƙwarai ɗansa ya gaje shi, amma Mikaila tun yana ƙarami ba ya ganin abu mai ƙusa ya bar shi lafiya. Rediyon Baba ma bai tsira ba. Ya kwance shi ranar da ake jiran labarin ganin wata, ya sha dukan da har maƙwabta suka shigo roƙo. Da Baba ya ga abin ba na bari ba ne, sai ya tura shi Kumasi, can unguwar makanikai da ake kira Magajin, inda duk mataccen ƙarfen Ghana ke ƙarewa. Shekara tara ya yi a can. Kafin ya dawo Baba ya rasu, Inna ta kwashe mu ta koma wurin danginta a Yendi, shi ma nan ya sauke jakarsa.

Abin da ya fito da shi cikin mutane wani ɗan mashin ne da ya zo da shi, mai rigar roba, bai fi tafin hannu biyu ba. Lokacin motocin hom-yus, waɗanda aka gama hawa a ƙasar waje aka kawo mana, sun fara cika gari. Kowace tana da wani akwatin kwamfuta a ɓoye, masu gyara suna ce masa kwanturol bod. Idan wani abu ya dami inji, sai akwatin ya kunna wata 'yar wuta ruwan ɗorawa a gaban direba, ya kuma rubuta damuwar a cikinsa da lamba. Mashin ɗin Yaya, in an jona shi ƙarƙashin sitiyari, yana iya karanta lambar, yana kuma iya goge ta.

Kafin zuwansa, direbobinmu salatif baƙi suke mannawa kan wutar, ko su cire kan batir su mayar. Fasinja ba ya son ganinta, mai sayen mota kuwa da ya hango ta sai ya fara yatsina. Don haka aka rinƙa layi a rumfar Yaya. Abin har suna ya samu, wanki. Mutum ya zo ya ce, "Masta, wanke mini." Yaya ya jona, ya danna, wuta ta mutu, a yi dariya a rabu. Ba mai tambayar me motar ta ce. Gaskiya kuma yawanci ba komai ba ne, gurɓataccen mai ne ko ƙura ko murfin tanki da bai rufu ba. A waɗannan shekarun babu mai fara'a irin ta Yaya a duk layin. Ya yi ƙiba, ya yi aure, har tumbi ya ajiye.

Mijina abokinsa ne tun suna yara a Salaga. Abdul-Mumuni, yau da ba ya nan ne nake iya kama sunansa. Hatsi yake saye a Karaga ya kai Bawku, inda mahaifiyarsa take. Shekararmu huɗu da aure, muna da 'ya ɗaya, Sumaiya, ya sayi ƙaramar mota tasa ta kansa, yana ji da ita kamar amarya.

Wata Juma'a ya tsaya a rumfar gab da liman zai hau mumbari. Yaya ya riga ya yi alwala, ya sa farar riga, yana neman takalminsa.

"Masta, wannan wuta ya dame ni tun jiya," in ji mijina. "Wanke shi in wuce, gobe akwai suna a Bawku."

"Mota yana yin wani abu?"

"Sau ɗaya ya mutu mini a hanyar Karaga. Na murɗa ki ya tashi. Ba komai."

"Tuƙinka ne ba kyau. An ba ka ƙanwata kana wahalar da ita, yanzu ka samu mota kuma."

Suka yi dariya. Yaya ya tattare hannun riga kada ya taɓa baƙin mai, ya sunkuya ya jona mashin. Abu biyu mashin ɗin ke nunawa, na sama karanta, na ƙasa goge. Karantawa ba ta ɗaukar minti ɗaya. Ya tsallake ya danna na ƙasa. Ina tsaye ina naɗe wa mijina abinci a ganye, da idona na ga wutar ta mutu.

Bayan la'asar aka bugo waya. A gangaren Nakpanduri ne, inda hanya ke saukowa daga kan dutse tana murɗewa. Motar ta ƙi shan kwana, ta faɗa ƙasa. Wata mata mai itace da ta gani ta gaya wa mutanen da suka je ɗauko shi cewa motar ta sauko shiru, babu ƙarar inji ko kaɗan, sai hon kawai da yake ta dannawa.

Ni lokacin wannan magana ba ta ce mini komai ba. Yaya kuwa tana shiga kunnensa ya zauna a ƙasa cikin mutane. Mai gyara ya san abin da shirun ke nufi. In inji ya mutu a kan gangara, birki ya zama dutse, sitiyari ya ƙi juyawa. Akwai kuma wata 'yar sensa mai gaya wa kwamfuta yadda injin ke juyawa, wadda in ta fara lalacewa takan ɗauke idan ta yi zafi, ta dawo idan ta huce. Irinta kan kashe mota sau ɗaya a hanya, a murɗa ki ta tashi, a ce ba komai.

Amma akwai wata magana ta biyu, kuma ita ce ta hana kowa hutawa. Mijina yana da halin kashe inji a gangara don ya rage shan mai. Tsohuwar ɗabi'ar direbobi ce, na sha yi masa faɗa a kai. To, motar ce ta mutu da kanta saboda abin da Yaya bai karanta ba, ko shi ne ya murɗe ki da hannunsa?

Sai da na fita takaba Yaya ya zo ɗakin Inna ya durƙusa a gabana, babba da shi, ya gaya mini duk wannan. Na ce masa ya tashi ya ba ni wuri. Shekara guda da wata biyu ban amsa gaisuwarsa ba. Na tsane shi, ba zan ɓoye ba. Da na dawo da tukunyata bakin rumfarsa ma ba don na huce ba ne, don nan ne masu saye suka san ni.

Daga nan na ga abin da ya zama. Tumbin ya tafi. In wani ya danna hon ya riƙe a titi, sai sufana ta faɗi daga hannunsa, ya tsaya kamar an kira sunansa. Ya taɓa ce mini da rana tsaka, yana kallon butar alwalarsa, wai yana ganin wutar nan a cikin ruwa. Farar rigar bai sake sa ta ba. Ranar Juma'a tun hantsi yake rufe rumfa, ko motar wa aka kawo. Wanki kuwa ya daina. In ka zo, sai ya karanta lambar da ƙarfi, ya fassara maka, ya sa ka maimaita kamar mai biya hadda, sannan ya ce a gyara. In ka ƙi, ka tafi da wutarka. Rabin mutanensa suka koma wurin wasu. Na taɓa ganinsa ya bi wata tasi da gudu har kwanar kasuwa, don ya hango wutar a kunne kuma akwai mata a ciki. Direban ya ce mahaukaci ne.

Shi ne kuma ya gaya mini, shekara uku bayan abin, cewa amsar tana nan a wani wuri. In sensar ce ta ɗauke a gangaren, akwatin zai sake rubutawa kafin motar ta faɗi, kuma irin na wannan mota ba ya mantuwa ko an cire batir. In kuwa aka jona aka ga babu komai, to mijina ne ya kashe injinsa. Na ce to me yake jira? Ya ce Bawku ba ta zauna lafiya ba. Bana ya ce haka, baɗi ya ce haka. Na san ba Bawku yake tsoro ba.

A shekara ta shida haƙurina ya ƙare. Na ce, "Yaya, ko ka nemo akwatin nan ko in kwashe tukunyata in koma Salaga. Na gaji da kallonka, na gaji da rashin sanin me zan ji a kanka."

Ya bi sawu har ya gano wani mai sayar da kayan mota a Bawku, Jalil, shi ya sayi gawar motar ya farfasa. Ina zaune ya kira shi. Ya faɗi irin motar da shekarar da abin ya faru, Jalil ya duba ya ce akwatin yana nan kan kanta, ba a taɓa nema ba. Yaya ya ce, "Ajiye mini, jibi ina zuwa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kunya ba ta bar shi ya gaya wa ɗan'uwan sana'a dalili ba. Ni ma da nake jin wayar ban ce a ƙara komai ba.

Da sassafe muka shiga mota. Da muka iso gangaren na so in rufe ido, ban rufe ba. Wuri ne mai kyau, abin haushi, ana hango ƙasa shimfiɗe har iyakar gani. Yaya yana rungume da mashin ɗinsa a cinya, leɓɓansa suna motsi.

Jalil mutumin kirki ne, mai yawan magana. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya kawo ruwan sanyi, ya yi ta murna wai yau Masta Mikaila na Yendi ne a shagonsa. Sannan ya shiga ciki ya fito da akwatin a cikin leda. Ɗan ƙarfe ne fari, gefe ɗaya ya lotsa, an goge shi yana ƙyalli.

"Ga shi, Masta. Lafiya lau yake. Da safen nan na jona shi a bencin gwaji na gwada, na wanke maka shi tas. Kai dai ka ɗaura wa kwastoma kawai."

Yaya bai miƙa hannu ba. Ya ce, "Ka wanke?"

"Haba, zan ba babba kamarka kaya da datti?"

"Akwai wani abu a ciki?"

Jalil ya sosa ƙeya. "Ina jin akwai. Ko ɗaya ko biyu. Ko kuma na wancan akwatin ne da na yi kafin shi, uku na wanke yau." Ya yi dariya. "Wa ke tsayawa karantawa, Masta?"

Na buɗe baki zan zage shi, zagin da na shekara shida ina tarawa, sai na ga ba shi da laifin da zan kama. Karamci ya yi mana irin na sana'arsu. Yaya ya karɓi ledar da hannu biyu, ya ce Allah ya saka da alheri, har ya tambayi lafiyar iyali. Da muka fito ya jingina da bangon shagon, ya zame a hankali har ƙasa.

"Na'ima," ya ce, "yanzu me zan gaya miki?"

Na tsuguna kusa da shi. Na zo Bawku ne don ɗan ƙarfen nan ya yanke mini hukunci, in yafe ko in ci gaba da riƙo, ga shi ya bar ni da abina. Tausayinsa ya kama ni. Amma ban ce masa ba laifinsa ba ne, don ban sani ba, shi ma bai roƙe ni in faɗa ba. Na zare ledar daga hannunsa na sa a jakata, na kama shi ya miƙe, na ce ya zo mu je gaida surukata kafin motar Yendi ta cika.

Tsohuwar ta yi murna da ganinmu. Ta riƙe hannun Yaya ta daɗe ba ta saki ba, tana sa masa albarka, tana gaya wa matan gidan cewa wannan ne aminin ɗanta, shi ne mai kula masa da mota.