Tsinkayen Gwaggo

A danginmu babu mai gashi irin na Gwaggo, yayar babana, kuma har yau ba wanda ya san inda ta gado shi. Mu namu sai an jiƙa shi da mai kafin mataji ya shiga. Nata kuwa idan ta sake shi har ƙugu yake sauka, ga sulɓi kamar jiƙaƙƙen sabulu. Kitso ba ya zama a kanta. A yi mata da safe, kafin la'asar ya warware da kansa. Babana ya ce tun tana yarinya wata mai kitso ta tura ta gida, ta ce a gaya wa kakarmu, "Ku kai ta wurin mai tufka igiya, ni dai na gaji."

Kakanmu kafinta ne. Shi ya fere mata tsinkaye biyu na katako, tsawonsu kamar na fensir, bai goge su ba, bai shafa musu komai ba, da kaushinsu ya miƙa mata. Da su ta rayu. Takan tattara gashin a ƙeya, ta murɗa shi har ya yi tauri, ta naɗe shi kamar gammo, ta cusa bakin a ƙarƙashi. Sai ta soka tsinke a gefen gammon yana kallon waje, ta ɗan haɗo da gashin da ke jikin fatar kai, ta juya tsinken ta tura shi ya ratsa ya ɓullo ta ɗaya gefen. Na biyu ya gitta na farko. Shi ke nan, ta ɗora ɗankwali. Ba madubi, kuma bakinta bai daina magana ba. Mun sha ganin haka, mun sha yabawa a gaban baƙi, amma a cikinmu babu wanda ya taɓa tsayawa ya kalla don ya koya.

Mijinta direban babbar mota ne. Ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya tana goye, wadda muke kira Anti. Daga nan Gwaggo ta shiga aiki a wani shagon wanki da guga, kuma a can ta tsufa. Dogon ɗaki ne mai taga ɗaya, tebura a jere, rigunan mutane rataye a sama suna taɓa kan duk wanda ya wuce. Tururi ba ya yankewa. Sauran matan sukan yini suna gyaran ɗankwali da hannun da ya jiƙe da gumi, ita kuwa gammonta ko motsi ba ya yi daga safe har tashi. A can aka raɗa mata Mai Tsinke. Ƙawarta da ke tebur na kusa, wadda ake kira Mai Sitati, ba ta gajiya da tsokanarta.

"Mai Tsinke, ara mini ɗaya in sakace haƙori mana."

"Haƙoran guda nawa suka rage miki? Bari su dawo, sai in ara miki."

Da wannan dutsen guga ta ciyar da Anti, ta sa ta a makaranta har ta zama malamar firamare ta yi aure. Anti ta sha roƙonta ta ajiye aikin. Gwaggo takan ce, "In ajiye in yi me? In zauna ina ƙirga muku kwanuka?"

A gaban teburin ta faɗi, da rigar wani a hannunta. Hawan jini ne. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, harshenta ya yi nauyi, magana ba ta fita sai kalma ɗaya biyu da kyar. Da aka sallame ta daga asibiti, Anti ta ɗauki hutu a makaranta ta kai ta gidanta, a hawa na biyu na wani bene, ta shimfiɗa mata gado a ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin.

Ba zan ce Anti ba ta kula da mahaifiyarta ba. Ita ke yi mata wanka, ita ke juya ta, ita ke ba ta abinci a baki, ga yara uku ga miji. Amma gashin ya zame mata jaraba. Gammo aikin hannu biyu ne, Gwaggo kuma saura ɗaya. Gashin ya bazu a kan filo, ya shige ƙarƙashin bayanta, idan aka ɗaga ta ya ja ta har ta yi ƙara. Ya shiga kwanon abinci. Ya cuɗe. Anti ta yi abin da kowace mace a danginmu za ta yi idan gashi ya cuɗe: ta ɗauko kwalbar mai ta shafe shi tun daga tushe har baki, ta taje shi yana ƙyalli. Ta naɗe, ta soka tsinken, ya sulale ya faɗi a ƙasa. Ta ƙara mai. Ta gwada roba, robar ta zame. Ta ɗaure da ƙarfi, Gwaggo ta yini da ciwon kai.

Ranar da muka je dubiya da babana, Anti ta tare mu a bakin kicin.

"Kawu, ni fa yanke shi zan yi."

"Yanke me?"

"Gashin Inna. Hutuna ya kusa ƙarewa. Wa zai tsaya yana fama da shi?"

"Kul, kada ki soma. Tun kafin a haife ki take ɗauke da abinta."

"To Kawu, kai za ka riƙa wanke mata shi? Ko kai za ka naɗe?"

Ƙofar ɗakin Gwaggo a buɗe take. Muka ji Gwaggo daga kan gado, muryarta a karkace: "A'a." Ta sake cewa, "A'a."

Lokacin na gama sakandare, ina taimaka wa wata mai kanti da rana, safiyata a sake take. Na ce zan riƙa zuwa in naɗe mata. Anti ta ɗaga kafaɗa. "Gwada. Idan ya zauna kafin in koma aiki, na fasa."

Na yi ta gwadawa. In jingina Gwaggo da filo, in zauna a bayanta, ita kuma ta miƙo hannunta mai lafiya tana laluben nawa, tana gyara mini yatsu. Idan na soka tsinken kai tsaye sai ta maka mini duka a bayan hannu. A haka na gane juyin. Amma ko na yi daidai, da ta motsa kai sai gammon ya saki, tsinkayen su zube a kan zanin gado. Wata safiya Anti ta shigo da kwalbar man don ta taimaka mini, Gwaggo ta kai mata hannu ta bige ta, kwalbar ta faɗi ta fashe. Anti ta tsaya tana kallon ɓarnar, idonta ya cika.

"Inna, me na yi miki? Ba na barci saboda ke. Sakayyata ke nan?"

Gwaggo ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska.

Ana cikin wannan hali Mai Sitati ta zo dubiya, tana haki saboda matattakalar bene. Tana shiga ta ce, "Mai Tsinke, kin gudu kin bar mini guga ko? Raguwa kawai." Gwaggo ta yi murmushi da rabin baki. Mai Sitati ta zauna a bakin gado ta dafa mata kai, sai ta janye hannu ta duba tafinta.

"Wa ya yi mata wannan aika-aikar? Soya ta za ku yi?"

Na ce mai ne, don kada ya cuɗe.

"Yo ai shi ya sa! Wannan matar tun da na san ta mai bai taɓa hawa kanta ba. Da sabulun wankin shago take wanke shi, ta bar shi ya bushe ƙayau. Su ma tsinkayen duba, kun jiƙe su, sun yi santsi. Da me za su kama?" Ta juya wajen Anti. "Ke 'yar nan, a cikinta kika kwanta, ba ki san haka ba?"

Anti ta juya ta fita.

Washegari na wanke gashin da sabulun wanki har sai da ya daina sulɓi a hannu, na baza shi a kan tawul ya bushe. Na kankare tsinkayen da bakin wuƙa. Na murɗa, na naɗe, na soka, na juya. Gwaggo ta girgiza kai dama da hagu da gangan. Bai motsa ba. Ta ƙara girgizawa da ƙarfi, sannan ta yi wata dariya mai haɗe da tari, irin wadda ba mu ji ba tun da ta kwanta. Na kira Anti ta gani. Ta ce, "To, madalla. Allah ya sa ya ɗore."

Ya ɗore. Anti ta koma makaranta, aka samo wata mata tana zama da Gwaggo da rana, ni kuma kullum da safe ina hawa benen nan in naɗe mata kafin in wuce kanti. Ta fara yarda a zaunar da ita kusa da taga. Idan baƙi suka zo takan juya musu ƙeya su gani. Na ɗauka magana ta ƙare.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne, da can Gwaggo ba ta kwanciya da rana, kuma kafin ta kwanta takan zare tsinkayen da kanta. Wata rana bayan ta sha maganin rana barci ya ɗauke ta a zaune, ta zame ta faɗa gefen da ba ya ji. Bakin tsinke ya karce ta a bayan kunne. Ba rauni ne mai zurfi ba, amma jini ya ɓata filo, kuma Anti ce ta dawo daga makaranta ta tarar. Ba ta kira babana ba, ba ta kira ni ba. Gwaggo na cikin nauyin magani Anti ta ɗauko almakashin ɗinki.

Da na zo da safe na tarar da Gwaggo ta juya fuska ga bango. An ɗaura mata ɗankwali, ya zauna daram a kan ƙeyar da babu komai. Anti na kicin tana zuba wa yara shayi.

"Anti, me kika yi?"

"Abin da ya kamata in yi tun farko. Da a ido ya soke ta fa? Ke za ki biya ni uwa?"

"Ai da sai a riƙa zare su da rana. Da kin gaya mini..."

"Da, da, da. Ke kina zuwa ki yi kwalliya ki tafi, ni nake kwana da ita." Ta ajiye butar shayin da ƙarfi. "Gashi ne fa. Zai fito."

"Ina yake?"

"Mai shara ya wuce da shi."

Na shiga na zauna a bakin gadon, na ce, "Gwaggo, ina kwana?" Ba ta juyo ba. Babana ya zo da yamma ya yi faɗa, Anti ta yi kuka, maƙwabta suka shigo suka ba da haƙuri, kowa na cewa ai hakan ya fi sauƙi, mara lafiya ina ruwanta da ado. A gaban Gwaggo aka yi duk wannan, ana maganarta kamar ta fita unguwa.

Ta ƙara wasu shekaru a wannan ɗakin. Ba ta sake yarda an kai ta bakin taga ba. Gashin ya fito kamar yadda Anti ta ce, fari fat, da sulɓinsa. Amma da ya kai kunne ya fara zame ɗankwali, sai Anti ta rage shi, tunda bai isa naɗi ba kuma ba wanda zai jure rainonsa har ya isa. A karon farko sai da mai zama da ita ta riƙe mata hannu. Daga baya ba sai an riƙe ta ba. Da ta ga Anti ta shigo da almakashi da tawul, sai ta sunkuyar da kai da kanta, ta jira a gama.