Shayin Madam Hadiza

Ko na tsufa a aikin nan, ba na jin zan manta da ranar da muka je wani ƙauye arewa da Tebaram, ni da Madam Hadiza da Baba Attahiru direba. Abin bai daɗe da faruwa ba. Shugaban biro, wato ofishinmu, shi ne ya ce in rubuta don 'yan uwana masu fita daji, to ga shi yadda ya faru.

Ga wanda bai san aikinmu ba, na bankin hatsi ne. Da kaka a sayi gero a zuba a mangaza, wato ɗakin ajiya, in damina ta kama rumbuna sun yi ƙasa, a sayar wa mutanen gari da rahusa. Ni animatiris ce, wato mai zama da mata tana jin kokensu. Daga kwaleji na shigo. Madam Hadiza ita ce shugabar tawaga, ita ke magana da masu gari, ita ke yanke shawara. Ta haife ni da wasa.

Kowa a biro ya san Madam tana da ciwon sukari. Kwalbar allurarta takan naɗe ta cikin jiƙaƙƙen tsumma, a cusa a bayan salkar da ke rataye jikin mota, iska na kaɗa ta, ta wuni da sanyinta. Amma abin da ya ɗauke min hankali tun fitata ta fari shi ne wani ɗan akwati da ƙanenta ya aiko mata daga waje, bai fi tafin hannu ba. Sai ta huda yatsa, ta ɗiga jini a bakin wata 'yar siririyar takarda, ta ɗan jira, ta goge, ta zura cikin akwatin, lamba ta fito. Ni kuwa in ta yi, wuyana har ciwo yake don leƙe.

“Ke Ramatu, sai kin faɗa cikin akwatin nan tukuna za ki huta?”

“Madam, wai yaya yake sanin abin da ke cikin jini?”

“Ki tambayi Nasara. Ni dai in ya ce ɗaya da 'yan kai, lafiya lau. In ya haura biyu, na yi ɓarna a gidan biki.”

“In ya kasa ɗaya fa?”

“In ya yi ƙasa sosai sai a ba ni alewa,” ta ce, ta yi dariya. Ni ma na yi, don na ɗauka zolaya ce. Mai ciwon sukari da alewa?

Tun da aka karya darajar kuɗin sefa, takardun nan suka yi tsada, kuma ba a samunsu a Tawa sai an aika Yamai. Sai Madam ta rage awo, ta koma sai ta ji jikinta ya canza. Ran nan ba ta auna ba. Ta yi allurarta da safe, ta sha ɗan koko tsaye, muka ɗauki hanya, da niyyar a gama taro a ci abinci da hantsi mu juyo, don an hana motocin aiki kai yamma a hanyar arewa.

Ƙauyen rabi Hausawa rabi Buzaye. Muna sauka, Baba Attahiru ya ja mai gari gefe. Daga baya na ji abin da ya gaya masa: “Madam ba ta shan zaƙi, ciwon sukari gare ta. Ko ɗanɗano kada a ba ta.” Don Allah ya faɗa. Shekara da shekaru yana tuƙa ta, ji yake da ita kamar ƙanwarsa.

Mai gari ya riƙe maganar da hannu biyu. Aka kawo hura da dabino da cuku a ciki, irin wadda ake tarbar baƙo da ita, aka ba ni, aka ba Baba, aka tsallake Madam. Aka dafa shayi, nata aka ware buta daban, ba ko ƙwayar sukari. Ta kurɓa, ta ɗan yamutsa fuska, ta ce madalla. Sannan mai gari ya ce babbar baƙuwa ba ta cin tuwon jiya, ya sa aka tafi nemo akuya wajen kiwo. Kun san akuyar da ke daji ba ta zama abincin hantsi.

Muka zauna da mata a zauren tabarma na Inna Gaishatu, uwargidan mai gari. Taro ya yi tsawo, don kowace da abin faɗi, wasu sun ce tun kafin ruwan fari suke haɗa ɗan abincinsu da ganye saboda yunwa. Rana ta take. Na lura Madam tana maimaita tambaya ɗaya. Can sai ta kira ni da sunan wata 'yarta. Zufa ta jiƙe mata kallabi, leɓenta na rawa, ta dubi wata tsohuwa ta daka mata tsawa, ita da ban taɓa jin ta ɗaga wa kowa murya ba. Sai ta sulale a kafaɗata.

Mata suka watse da salati. Wata ta ce iskokin wurin ne, a kawo turare. Maza suka zo suka tsaya daga bakin zaure, ba mai shiga ya taɓa matar mutane. Baba ya ruga mota ya dawo da tsumman allura, ya miƙo min daga nesa.

“Ramatu, ciwonta na ya tashi! Yi mata allura, mi kike jira?”

“Baba, ban iya ba.”

“Ke da kinka yi karatun lakkwal? Soka mata a cinya, haka nike ganin tana yi!”

Na karɓa. Wallahi na karɓa, har na warware tsumman. Abin da ya tsayar da ni ba sani ba ne, tsoro ne. Na ce a raina, kafin in soka wa mutum ƙarfe, bari in tambayi akwatin nan. Na zazzage jakarta. Takardar fari na ɓata ta, jinin ya zuba a zanena. Na sake huda wani yatsan, ina ba ta haƙuri kamar tana jina. Jiran nan kafin a goge takarda, ban taɓa ganin lokaci mai tsawonsa ba.

Lamba ta fito: sifiri da ɗigo huɗu.

Na zuba mata ido. Bai haura biyu ba, ko ɗaya bai kai ba. Sai maganar alewa ta faɗo min.

“Sukari! Ku kawo sukari!”

“Kul!” in ji Baba. “So kike ki kashe ta? Mai gari, kada a ba ta, yarinyar ga ta ruɗe.”

Gaskiyarsa, na ruɗe. In na yi kuskure ni na kashe ta, kuma da shaidu. Na fashe da kuka, ina nuna musu akwatin, ba mai gane abin da nake nunawa. Inna Gaishatu ce ta dube ni, ta dubi Madam, ta ce, “Wannan ba iska ba ne. Haka mai yunwa ke faɗuwa, mu mun san shi.” Ta ɗauko dunƙulen sukarin mijinta, ta fasa da gindin kofin shayi, ta jiƙa a ruwa. Na tallafo kan Madam, na ga tana iya haɗiya, muka dinga ɗura mata kaɗan kaɗan. Baba ya juya baya, yana ta Innalillahi.

Ba a jima ba idonta ya dawo daidai. Ta dube ni, ta dubi jinin da ke zanena.

“Takarda nawa kika ɓata min?”

Mata suka kwashe da dariya, ni kuwa kukan ya ƙaru. Aka kawo hurar da aka hana ta, ta shanye. Da ta ga kwalbar allura a kan tabarma a warware, sai ta daɗe tana kallonta. Likitan da ya duba ta a Tawa ya ce da an yi mata allurar nan, da wuya mu kawo ta da rai, don allurar rage sukari take yi, nata kuwa ya riga ya yi ƙasa. Baba bai ci abinci ba ran nan, washegari ya je har gida ya nemi gafararta. Ta ce, “Tashi, Attahiru. Laifina ne da ban taɓa zaunar da kai na gaya maka ba.”

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, da nake mayar da kayan jakar Madam a zauren, na ga ƙullin dabino ba a ko kwance shi ba. A mota na kasa haƙuri.

“Madam, kin ji abin yana zuwa?”

“Na ji.”

“Ga dabino a jakarki, mi ya hana ki ci?”

“A gaban matan da suka zo gaya min ganye suke ci?” Ta juya tana kallon daji. “Ke za ki iya?”

Na san ba zan iya ba.

Yanzu biro ya kafa doka: duk mai ciwon da ke bin abinci ya faɗa wa abokan tafiyarsa tun kafin mota ta tashi, har da abin da za a yi masa da wanda ba za a yi ba. Doka ce mai kyau. Amma ni abin da na gani ran nan, ba wanda ya yi mugunta. Direba ya kare ta, mai gari ya girmama ta, ita ta ji kunyar masu yunwa, kuma a tsakanin waɗannan kyawawan halaye muka kusa rasa ta. Aikinmu ya koya mana tambayar gari guda abin da suka ci, bai koya mana tambayar wanda ke zaune kusa da mu a mota ba. Ku dinga tambaya. In ya ce lafiya lau, ku sake tambaya.