Motar da Mma Ta Ƙi Sayarwa

A Salaga, idan ka tambayi gidan Hajiya Ummul-Khair, ba da masallaci ko rijiya za a yi maka kwatance ba. Ce maka za a yi, "Miƙe nan, inda ka ga tsohuwar jif a gindin darbejiya, nan ne." Ni ne ɗanta na uku, Mutawakil, malamin makaranta, kuma na daɗe ina jin kunyar wannan kwatancen.

Motar ta girme ni. An ce koriya ce a da, yanzu kam launinta sai Allah. Mahaifinmu, marigayi Nasrullah, ya saye ta a gwanjon ma'aikatan gona tun kafin a haife ni. Ba rediyo, ba na'urar sanyi, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, sitiyarin kuwa sai ka sa ƙirji kafin ya juya. Mutanen zango, unguwarmu ta Hausawa, sun raɗa mata suna Sai-Ta-Ga-Dama, don wata safiyar da an murɗa makulli ta tashi, wata safiyar sai an tara rabin unguwa an tura. Idan kuma ta tashi, ƙararta har kasuwar doya ake jin ta.

Mma, haka muke kiran mahaifiyarmu, ita ke tuƙa ta. Da idon mahaifinmu ya fara rauni, a filin ƙwallo ya koya mata, maza suna tsaye suna dariya. Dariyar ba ta daɗe ba. Shekara ashirin da wani abu tana loda doya daga Salaga, ta bi ta Yendi da Gushegu ta hau dutse har Bawku, ta juyo da albasa. Da wannan motar ta ciyar da mu bakwai. 'Yar siririyar mace ce, sai ta ɗora matashi biyu a kujera kafin ta hango hanya, amma direbobin manyan motoci su ke fara gaishe ta a tasha.

Duk wannan na sani, ban kuma raina ba. Amma Mma ta bar fatauci tuntuni, ta ba saba'in baya, motar kuwa ba ta bar ci ba. Fetur take sha kamar saniyar da ta kwana biyu ba ta ga rafi ba. Idan wani ƙarfe ya karye, sai an aika Kumasi, a jira mako uku, a kawo wanda ba shi ba. Makaniki ɗaya ne ya rage da ya san cikinta, shi ma a Tamale yake, kuma kunnensa ya yi nauyi. Duk ranar Juma'a sai Mma ta wanke ta, ta duba mai da ruwa, ta zaga gari da ita ta dawo. Ba ta zuwa ko'ina, amma tankin kullum a cike, ga jarka guda a baya. Ana cikin haka ɗakinta yana yoyo.

Sai wani mutum ya fara zuwa daga Ankara, babban birnin ƙasarmu Ghana, irin masu tara tsofaffin motoci. Ya zagaya ta, ya shiga ƙarƙashinta da farar rigarsa, ya ɗauki hoto har da na igiyar ƙofa. Abin da ya taya ya isa a sake rufin gidan gaba ɗaya, a kuma sayi ƙaramar mota mai lafiya. Mma ta ba shi ruwa, ta tambayi iyalinsa, sannan ta ce, "Ba yanzu ba."

Sau uku yana zuwa, sau uku yana jin haka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata, "Mma, wannan ba mota ba ce, dawainiya ce. Me kike jira?" Ta ce, "Idan lokaci ya yi za ka gani." Ban ɓoye muku ba, a bayan idonta na kira mutumin na ce ya zo ranar Asabar da motar ɗauka, ni zan shawo kanta.

Kafin in faɗi abin da ya faru ranar Alhamis ɗin wannan makon, sai na gaya muku wace ce Hajiya Taslima. 'Yar Bawku ce, a hannunta Mma take sarin albasa, daga baya aure ya kai ta Yendi. Wata shekara, suna matasa, wata baƙuwar 'yar kasuwa ta faɗi ta mutu a kasuwar Bawku, ba dangi ba sani. Aka samu wasu mata suka yi mata wanka. Kafin a dawo daga maƙabarta, duk rumfunan albasa sun san irin tabon da ke jikin matar da kuma inda yake. Alhali kowa ya sani, mai wankan gawa abin da ta gani da shi ake binne ta. A ranar Mma da Taslima suka riƙe hannun juna a bayan buhunan albasa suka yi alƙawari: duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta wanke ta, kada baƙon ido ya ga jikinta. Mun taso muna jin labarin, mun ɗauke shi hirar tsofaffi.

Ranar Alhamis, cikin watan Satumba, ruwa ya kwana uku yana zuba. Wajen ƙarfe goma na safe wayar Mma ta yi ƙara. Fauziya ce, 'yar Hajiya Taslima, tana kuka, da Hausarta ta zango da ba ta raba mace da namiji.

"Mma Salaga, Mmana ya tafi. Yanzun nan, bayan ya sha koko. Liman ya ce la'asar za a kai shi, ba za a wuce ba."

Mma ta yi salati, sannan ta ce, "Ki ɗora ruwa, ki nemo ganyen magarya. Kada kowa ya taɓa ta. Ga ni nan."

Na ce, "Mma, ina? Hanyar Bimbila ruwa ya yanke ta tun shekaranjiya. Ta Tamale kuma zagaye ne, an ce can ma motoci na tsaye."

Ba ta ko kalle ni ba. Ta ɗauki mayafi, da ƙullin kafur, da makulli. "In za ka, shiga. In ba za ka ba, buɗe mini ƙofar gida."

Na shiga. Sai-Ta-Ga-Dama kuwa, wallahi murɗawa ɗaya ta tashi.

Tun daga bakin gari laka ta fara. Muka wuce wata bas da ta nutse har gindi, fasinja na zaune a kan kayansu. Mma ta ja wata 'yar sandar giya mai jan kai da ban taɓa ganin an taɓa ba, ashe ita ke sa tayoyi huɗun duka su ja, motar ta sake murya, ta rinƙa tafiya a hankali tana taka laka, ba ta zame ba ko sau ɗaya. Ni da ke cewa dawainiya ce, na riƙe ƙarfen gaba da hannu biyu.

Wajen sha biyu da rabi muka iso inda ruwan ya yanke hanya. Ƙaramin rafi ne da rani yara ke tsallakewa, ranar nan ya haye kwalbati ya bazu, jajawur, faɗinsa ya fi filin ƙwallo. Motoci sun yi layi ta kowane ɓangare, har da wata sabuwar jif mai baƙin gilashi, mai ita na tsaye yana waya. Wani direba ya tare mu da gudu.

"Hajiya, kar ka shiga! Jiya ruwan nan ya kwashe babur mai ƙafa uku da kayan shi duka. Ka koma gida, don Allah."

Mma ta gode masa. Ta sauko, ta ɗaure zani a ƙugu, ta karɓi sandar wani Bafulatani, ta shiga ruwan da ƙafarta. Na yi ihu, ba ta waiwayo ba. Tana tafe tana caka sandar, tana neman bakin kwalbatin da ƙafa, ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai cinya, ya kai ƙugu. Ta tsaya can tsakiya ta dubi wata bishiyar kaɗanya a ƙetare, ta dubi motar, sannan ta juyo.

"Buɗe bonet," ta ce da ni.

Daga ƙarƙashin kujerarta ta jawo wani tsohon gwangwanin madara. Na sha ganinsa, na zaci na goro ne. Man kaɗe ne cike. Ta lakato da yatsa ta shafe kan fulogai, ta shafe duk inda wayoyin wuta suka haɗu, ta yi masa kauri yadda ake shafe jariri. Ta sa na kwance bel ɗin fanka, don kada fankar ta watsa wa injin ruwa. Ta ɗaure buhu a gaban lagireto. Ta sa matasa suka loda mata duwatsu a baya. Daga ƙarshe ta ce in buɗe ƙofofin duka in ɗaure su a buɗe.

"Ruwa zai shigo, Mma!"

"Shi nake so ya shigo. In ka hana shi hanya, ɗaukar ka zai yi. In ka bar shi ya wuce ta ciki, motar za ta zauna a ƙasa."

Ta hau matashi biyun nan na kujerarta, ta yi bisimilla, ta saita hancin motar da bishiyar kaɗanyar nan. Muka shiga.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ruwa ya taso ya rufe fitilu, ya shigo ta ƙofata, ya bi ta kan ƙafafunmu ya fita ta tata. Takalmina ɗaya ya tafi. Na ji ruwan yana tura mu gefe, na ji tayoyin suna laluben ƙasa, salansa na ta ɓulɓuli a baya. Ina ta addu'a da ƙarfi, ban san ma me nake karantawa ba. Na dubi Mma. Ƙafarta na kan totur cikin ruwa, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Idonta na kan bishiyar, leɓenta na motsi. Wannan matar da nake yi wa faɗa kan yoyon ɗaki, ranar nan tsoronta na ji, irin tsoron da ake ji idan an tsaya kusa da abin da ya fi ƙarfin mutum.

Da tayoyin gaba suka kama tudu, kabbara ta tashi daga ɓangarorin biyu. Mai sabuwar jif ya sauke wayarsa yana kallo. Mma ba ta ɗaga wa kowa hannu ba. "Mayar da bel ɗin," ta ce, "lokaci na tafiya."

Ana kiran la'asar muka shiga Yendi. A ƙofar gidan maza sun cika, makara na jingine, hadari ya sake haɗowa, masu haƙa sun aiko cewa ruwa na taruwa a kabari. Daga baya na ji cewa tun azahar ake matsa wa Fauziya ta bar matan unguwa su yi wankan, ita kuwa ta zauna a bakin ƙofar ɗakin ta miƙe ƙafa. Da ta gan mu ta taso ta faɗa jikin Mma.

"Tun kuna wajen gidan mai na ji kukan motar. Mmana ya ce min, in ka ji wannan ƙara, to Mma Salaga ya iso. Ya ce ko ruwa ya kai sama, in dai yana da rai zai zo."

Ƙarar da nake jin kunya ke nan.

Mma ta shiga da jiƙaƙƙen zaninta, laka har gwiwa. Mutum ɗaya ta yarda ta bi ta, Fauziya, don ta riƙe mata buta. Aka ja ƙofa. Abin da ta gani a ɗakin nan ban sani ba, ba kuma wanda zai taɓa sani. Aka sallaci Hajiya Taslima, aka rufe ta kafin ruwan ya sauko.

Washegari da hantsi, za mu juya, Mma ta tsaya a jikin motar ta shafa bonet ɗin. Sannan ta miƙo mini makulli.

"Mutumin da ka ce ya zo gobe, ka ba shi. Na gama da ita."

Ashe ta sani. Kunya ta rufe ni, na kasa ɗaga kai. Shekara da shekaru tana zuba wa motar nan fetur, tana wanke ta duk Juma'a, tana kwana ƙarƙashin yoyo, saboda rana ɗaya: ko ta je, ko a je a ɗauko mata Taslima. Sai wata tambaya ta taso mini, ta fito kafin in tare ta.

"Mma, to ke fa? Wa zai zo miki?"

Ba ita ta amsa ba. Fauziya ce, da ke tsaye da ƙullin tsarabar da za ta ba mu.

"Ni. Jiya ya nuna min komai, daga farko har ƙarshe. Na riƙe hannun shi, na yi alƙawari." Ta dube ni. "Amma in damina ne, Mutawakil, da me za ka zo ka ɗauke ni?"

Ranar Asabar mutumin Ankara ya zo da motar ɗaukarsa. Na ba shi ruwa, na tambayi iyalinsa, na ba shi haƙuri, na ce, "Ba yanzu ba."

Rufin ɗakin Mma na gyara shi da albashina, a hankali. Yanzu ni ke wanke motar ranar Juma'a. Mma na zama a kujera a gindin darbejiya tana nuna mini da sanda inda ake shafa man, tana faɗa idan na yi masa ƙwauro. Na cika gwangwanin da sabon man kaɗe na mayar ƙarƙashin kujera. Duk sanda hadari ya haɗu ta gabas, sai in duba tanki, in duba jarka, sannan in leƙa ɗakinta in gaishe ta, ina roƙon Allah kada a buɗe gwangwanin nan bana.